Baƙin da Ke Sauka a Fadamar Kebbe Lokacin Kaka

A ƙasar Tambuwal da Kebbe babu yaron da bai san shamuwa ba. Idan ta sauka a kan kuka ko tsamiya, manomi ya san damina ta kusa, sai ya gyara fartanyarsa. Amma mutane kaɗan ne ke lura da tafiyarta. Ni ma sai da aka tura mu aikin auna gonaki da ɗibar ƙasa a fadamar Gulbin Zamfara, cikin watan Oktoba, na ga yadda abin yake.

Aikin yana da wuya, ga zafin rana ga ƙarangiya. Da hantsi muna jan igiyar awo, sai muka ga shamuwoyi sun taru a sama, suna kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba. Iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ita ke ɗaga su. Da suka yi nisa sai suka miƙe kudu. Suna bin ruwan sama ne har ƙasashen Zambiya da Zimbabwe, inda damina ke farawa lokacin da tamu ke ƙarewa. A can ma fara da tsutsa suke ci, wato suna yi wa manomin can aikin da suka yi wa namu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, suna tafiya waɗansu na isowa. Da la'asar tsattsewa ta cika fadamar, tana shawagi dab da ruwa tana kama ƙwari. Waɗansunsu daga Turai suke. Tsuntsuwar da nauyinta bai wuce kamar giram 20 ba ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare Hamadar Sahara! Idan ta iso nan ta rame ƙwarai, dole ta ci ta ƙoshi kafin ta wuce kudu. A Boje, cikin Jihar Kuros Riba, akwai wurin da ɗimbinsu ke kwana cikin dogayen ciyayi.

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. A shekarar 1822 aka harbe wata farar shamuwa a Jamus, aka tarar da mashin Afirka a wuyanta. Ga shi kuwa tun zamanin Annabi Irmiya, a sura 8 aya 7, an ambaci shamuwa a matsayin mai sanin lokacinta.

'Yan'uwana ɗalibai, ga abin da ya dame ni. Shamuwa ba a jifanta, domin iyayenmu sun hana. Ƙananan baƙin nan kuwa ba su da mai tsaya musu. A kwanakin da muka yi muna aikin, kullum sai mun haɗu da yara da danko a wuya, aljihu cike da tsakuwa, kuma naman da za su samu bai kai loma guda ba. Shamuwar ma tana da tata damuwar, tun da ana sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai domin gawayi. Wani tsoho da muka auna gonarsa ya nuna mana kututture uku a bakin garinsu, ya ce a kan kowannensu ya san gidan shamuwa.