Takoradi a shekarun da kowa ke neman gida bakin teku

Kafin 2007, in ka ce wa mutumin zangon Effiakuma ko na Sekondi ya sayi gida a bakin teku, zai ɗauka mugun fata kake yi masa. Mutanenmu sun zauna kusa da ruwan nan tun zamanin da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Sekondi ya kai Kumasi a 1903, amma ba su taɓa sha'awar kwana da ƙarar igiyar ruwa a kunne ba. Gishiri ne dalili. Kwanon rufin da zai tsufa tare da mai shi a Kumasi, a nan kafin yaro ya gama firamare ya fara yoyo. Kwaɗo yakan ƙi buɗewa sai an ɗiga masa mai. Rodin da ke cikin ginshiƙi kuwa yana tsatsa a ɓoye, ya kumbura, wata rana ka tashi ka ga siminti ya tsage ya zubo. Don haka bakin ruwa na mutum biyu ne: masunta Fante da Ahanta, waɗanda nan ne gonarsu, sai kuma manyan ma'aikata da suka gaji gidajen Turawa na Beach Road, inda gwamnati ko kamfani ke biyan kuɗin gyara.

Garin kansa a lokacin ya yi sanyi. Tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1928 tana nan tana fitar da koko da katako da manganis na Nsuta, amma tun da aka buɗe ta Tema a 1962 yawancin kayan shigowa suka koma can. Jirgin ƙasa ya lalace. Haya ba tsada, kuma mai gida ya san sunan 'ya'yan ɗan hayarsa.

A watan Yunin 2007 kamfanonin Kosmos da Tullow suka sanar da cewa sun sami mai a cikin teku, kimanin kilomita 60 daga gaɓa, ta wajen Cape Three Points. Aka sa wa filin suna Jubilee saboda Ghana ta cika shekara 50 da samun 'yanci a shekarar. A watan da ya biyo baya aka sauya kuɗi, sidi dubu goma ta tsohon kuɗi ta koma sidi ɗaya. Tsofaffi ba su gama koyon lissafin sabon kuɗin ba aka fara faɗa musu farashin fili da dala.

Ban taɓa ganin gari ya canza hali cikin ɗan lokaci haka ba. Dillalai suka yi yawa, har da waɗanda jiya suke sayar da katin waya. Ƙasa a Ghana yawancinta a hannun sarakuna da dangi take, ba da ita ake yi na wasu shekaru, ɗan ƙasa yakan sami shekara 99, baƙo kuwa tsarin mulkin 1992 bai yarda a ba shi fiye da 50 ba. To a dangi ɗaya sai wannan kawu ya sayar wa mutumin Accra, wancan ɗan'uwan ya sayar wa mutumin Legas, fili ɗaya takarda biyu. Wanda ya riga zuba yashi da bulo shi ke da ƙarfin magana. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma masu gidaje shekara biyu suke nema, kuma su samu. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka yi shekaru a unguwannin tsakiyar gari aka ba su wa'adi, wai za a yi gyara. Kowa ya san ma'anar gyaran: a sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki a jira ma'aikacin mai. Suka kwashi kaya suka nufi Kojokrom da Apowa. Su ne na farko da suka biya kuɗin man nan, tun ba a fitar da ganga ɗaya ba, kuma har yau in ana lissafin riba da asara ba kasafai ake tuna su ba.

Cikin wannan zazzaɓi ne kawuna, wanda ya yi rayuwarsa yana fataucin shanu da goro, ya ga wani gida a gaɓar da ke tsakanin Sekondi da Takoradi a farkon 2010. Tsohon gini ne mai ɗaki huɗu da baranda, da bishiyoyin kwakwa a bayansa kafin a kai ga yashi. Niyyarsa ya zuba abin da ya tara, ya gyara, ya ba kamfani haya. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ma'aikacin wutar lantarki ne, kuma tun lokacin ya kamu da son sola. Shi yana ganin a gina gida can ciki inda fili ke da araha, ragowar kuɗin a buɗe shagon faifan sola da batura.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga hatsarin Deepwater Horizon a Tekun Meksiko a watan Afrilu. Mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana tsiyaya, kullum talabijin na nuna tsuntsaye sun yi baƙi ƙirin a gaɓar Amurka. Wata rana bayan sallar isha'i Yaya ya ce, "Baba, ka ga Amurka da duk ƙarfinta ta kasa toshe rijiya ɗaya. In irin wannan ta faru a nan, igiyar ruwan nan gabas take tafiya, ƙofar gidanka man zai fara sallama."

Kawu ya ce, "Kai yaro, rana tun zamanin Annabi Adamu take fitowa. Nuna mini mutum ɗaya a garin nan da ta biya wa kuɗin makarantar 'ya'yansa."

Ba a gidan kaɗai ake wannan gardama ba. A majalisar masu shayi, fataken da suka san Fatakwal da Warri suna ba da labarin abin da suka gani a Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri tun 1956: ruwan da kifi ya ƙaurace wa, wutar gas da ke ci dare da rana. Gani ga wane, in ji su, ya ishi wane tsoron Allah. Wasu kuma su ce ai ba ɗaya ba ne, wancan a cikin gonaki da rafuka ake haƙa, bututu na ratsa ƙauyuka, wannan kuwa can tsakiyar teku yake inda ba gonar kowa. Maganarsu tana da gaskiya a ciki. Haka ma maganar kawu: a 2010 faifan sola kayan masu hali ne, kuma ba wanda zai iya cewa cikin shekara goma farashinsa zai faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari kamar yadda ya yi.

Kawu ya sayi gidan. A ranar 15 ga Disamba 2010 Shugaba John Atta Mills ya murɗa famfon farko a kan jirgin Kwame Nkrumah, tsohuwar tankar da aka sake wa fasali a Singafo don ta riƙa karɓar ɗanyen mai, ta raba shi da ruwa da gas, ta adana har jirgin saye ya zo. An gina ta da ƙarfin ganga 120,000 a rana. Sarakunan Yankin Yamma sun nemi a ware wa yankinsu kashi 10 cikin ɗari na kuɗin, majalisa ba ta amince ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 2011. A shekarar majalisar Ghana ta yi dokoki biyu. Ɗaya ta tsara yadda za a raba kuɗin mai, da asusun ko-ta-kwana da asusun 'yan baya, har da kwamitin jama'a mai sa ido. Doka ce mai kyau, kuma ƙasashe da yawa masu mai ba su da irinta. Ɗayar kuma ta makamashi mai sabuntuwa ce, kuma burin da gwamnati ta sa shi ne zuwa 2020 kashi 10 cikin ɗari na wutar ƙasa ya fito daga rana da iska da makamantansu. Ashe gardamar kawu da ɗansa ƙasa ma ta yi ta, ta kuma ce ta zaɓi duka biyun. Sai dai ɗaya aka yi wa raino, ɗaya aka bari ya yi maraici. Tashar sola ta farko da aka haɗa da layin ƙasa, ta Navrongo a 2013, megawat biyu da rabi ce kacal. Kuɗin mai kuwa aka warwatsa shi a kan ɗaruruwan ƙananan ayyuka, wannan gada rabi, wancan hanya rabi, abin da shi kansa kwamitin sa idon ya sha kokawa a kai cikin rahotanninsa. A ganina a nan aka yi sake. Man da ke ƙarƙashin teku mai ƙarewa ne, kowa ya sani, kuma mafi alherin abin da zai saya wa ƙasa shi ne wutar da za ta ci gaba da zuwa bayan ya ƙare.

Ayyukan da matasa suka sa rai ba su zo yadda aka zata ba. Jirgi irin Kwame Nkrumah ba ya buƙatar dubban mutane. Jirgi mai saukar ungulu ke ɗaukar ma'aikata daga filin jirgin Takoradi, su yi makonninsu a teku, su dawo su wuce Accra ko ƙasashensu. Yara da yawa sun biya kuɗin kwas a makarantun da suka tsiro dare ɗaya, suka riƙe takarda ba aiki. Masunta kuma aka shata musu mita 500 kewaye da jirgin, ba shiga. Suna cewa fitilun jirgin ke jan kifi can, kuma duk wanda ya bi shi da kwale-kwale sojojin ruwa suka gan shi, ya shiga uku. Da ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa ta fara cika musu raga a 2011 sai suka ɗora wa mai, ko da yake masana sun nuna cewa a shekarar ta mamaye har tsibiran Karibiyan, daga tsakiyar Atlantika take tasowa. Ban ga laifinsu ba da suka yi zargi. An canza musu teku ba tare da an zauna da su yadda ya kamata ba.

Sannan sai duhu. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgi ta fasa bututun gas da ke zuwa daga Najeriya a gaɓar Togo, ruwan madatsar Akosombo ma ya yi ta ja baya a shekarun da suka biyo, aka shiga abin da 'yan Ghana ke kira dumso. A 2015 akan ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Ƙasa mai fitar da mai, masu sayar da kifi suna zubar da kaya don firji ya mutu. A lokacin ne wayar Yaya ta daina hutawa, masu kemis da masu shagon aski da limamai duk suna neman a haɗa musu faifai biyu da batir. Amma kawu ma ya sami abin faɗa, don masana'antar gas ta Atuabo da aka ƙaddamar a 2015, mai karɓar gas ɗin Jubilee ta tura wa injinan wutar Aboadze, tana cikin abin da ya dawo da wutar. Ba zan ɓoye wannan ba don ina goyon bayan sola. Abin baƙin cikin shi ne yadda tsoron duhu ya sa aka rattaba hannu a kan kwangiloli barkatai na ko ka sha ko ba ka sha ba sai ka biya, har ministan kuɗi na lokacin Ken Ofori-Atta ya shaida wa majalisa a 2019 cewa ƙasar na biyan fiye da dala miliyan 500 a shekara a kan ƙarfin wutar da ba ta amfani da shi. Da irin wannan nauyi a wuya, ina za a sami wurin sabuwar tashar rana ko ta iska?

Gidan kawu ya ci shekarunsa na daɗi. Wani ƙaramin kamfanin kai kaya teku ya kama shi, ana biya da dala. Da farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, kamfanin bai sabunta ba. Allunan neman ɗan haya suka cika Beach Road da Airport Ridge. Gidan ya yi watanni a rufe, kuma gidan bakin teku in an rufe shi gishiri ke zama ɗan haya. Babbar malalar man da Yaya ya ji tsoro, cikin ikon Allah, ba ta auku ba. Abin da ya zo ba wanda ya sa shi a lissafi cikin su biyun: teku ce da kanta ta matso. Bishiyar kwakwar da ke gaba ta fara karkata, saiwoyinta a waje suna lilo, wata damina ta kwanta, ta biyu ta bi ta. Masu tifa da ke kwasar yashi da dare suna da hannu, katangun tashar jiragen ruwa da ke tare tafiyar yashi suna da hannu, haka ma hawan ruwan teku da ƙona mai a duniya ke jawowa, wanda rabon Ghana a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Gwamnati ta zuba shingen duwatsu a New Takoradi da Nkontompo da Aboadze da Axim, kuma inda shinge ya tsaya nan ruwa kan koma da ƙarfinsa.

An ƙara filayen mai biyu, TEN a 2016 da Sankofa a 2017. Abin da ake haƙowa ya kai ƙololuwa a 2019, wajen ganga miliyan 71, zuwa 2023 ya sauko wajen miliyan 48. Burin kashi 10 cikin ɗari na makamashi mai sabuntuwa kuwa an ɗaga shi zuwa 2030. Tashoshin solar da aka samu daga baya, na Lawra da Kaleo da wanda ke madatsar Bui, yawancinsu can arewa suke inda rana ta fi ƙarfi. Can Yaya ya koma da iyalinsa bayan rasuwar kawu, yana haɗa sola a ƙananan asibitoci da rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Wa. Gidan yana hannun ƙannensa, wani malamin makaranta ke haya da sidi, kuma kaso mai tsoka na abin da ake karɓa a fenti da kwano da gyaran katanga yake tafiya.