Yerwa, Garin Fatoma Da Baƙon Ilmi

Duk wanda ya doshi Maiduguri daga yamma, ta hanyar Damaturu, abin da zai fara yi masa maraba shi ne inuwar itatuwan dogon-yaro da suka jeru a bakin tituna. Garin yana zaune a gaɓar kogin Ngadda, kuma yaro ne in aka gwada shi da Kano ko Katsina, gama sai a shekarar 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa fadarsa a Yerwa. Amma fa al'adar saukar baƙon ilmi, wadda Barebari suka zo da ita, ta girmi garin da ɗaruruwan shekaru.

Tun cikin ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a birnin Alƙahira, ana kiranta makarantar Ibn Rashiƙ, domin ɗalibansu da alhazansu. Wato sun daɗe da sanin cewa karatu ba ya zama a kan wanda bai san inda zai kwana ba. Haka kuma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kukawa a 1851, Shehu Umar ya sa aka ba shi masauki, Waziri Alhaji Bashir ya riƙa kula da shi. Daga ƙasar Hausa kuwa, an daɗe ana tafiya "gabas" neman tilawa, har ya zama gardin da ya sha karatu a tsangayun Barno ya koma gida, ana yi masa kallon wanda ya isa.

To, shin yaya ake zaɓen gidan da baƙo zai sauka? A bakin Barebari "fato" shi ne gida, "fatoma" kuwa mai gida, kuma har Hausawa sun ari kalmar suna kiran mai masaukin fatake da ita. A tsofaffin unguwanni irin su Shehuri da Hausari da Fezzan da Mafoni, ba kowa ne ake danƙa wa ɗan wani ba. Malamin da ɗalibi ya zo wurinsa shi ne ke dubawa. Yakan nemi magidancin da bulaman unguwa ya sani, wanda ake gani a masallaci, mai zaure ko shagon da baƙo zai kwana ba tare da ya kutsa cikin gida ba. Sa'an nan dole uwargida ta yarda, domin tukunya a hannunta take. Ita ce za ta zama uwar ɗakin yaro, ta ajiye masa kwanonsa, ta lura in ya kwana da zazzaɓi, shi kuma ya riƙa ɗebo mata ruwa da zuwa aike.

Shi ma baƙon akwai nasa shirin. Za a koya masa gaisuwa, ya san cewa "wushe" ita ce sannu, ya saba da burabusko da ƙamshin turaren wuta, ya san iyakar da ƙafarsa za ta tsaya a gida. Mai masauki kuwa abin da ake tuna masa bai wuce guda ba: amana. Ko da ma Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Da zamani ya zo, baƙin suka sake kama. An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, kuma da yake Barno ta yi iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru, ɗalibai daga waɗannan ƙasashe suka riƙa zuwa. Masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun yi shekaru suna aiki da jami'ar har zuwa 2002. A Ngala kuma, cikin ƙasar Larabawan Shuwa, aka kafa Ƙauyen Koyon Larabci a 1992, domin ɗaliban jami'o'in Nijeriya su zauna inda ake magana da harshen maimakon tafiya ƙasar waje.

A Amurka an mai da wannan aiki na takarda. A shirin YES, wanda aka fara a 2003, ya kuma kai 'yan sakandare daga Nijeriya su yi shekarar karatu a gidajen Amurkawa, sai an ziyarci gida an duba ɗakin da yaro zai kwana, an bincika ko wani babba a gidan ya taɓa yin laifi, an nemi shaidar mutum biyu, sa'an nan wakilin shirin ya riƙa tuntuɓar yaron kowane wata. Ba a kuwa biyan mai masauki. Mai hankali zai ga cewa aikin malam da bulama ne aka zuba a takarda.

Daga 2009 aka jarrabi Yerwa da fitinar Boko Haram. Mutane suka kwararo daga Bama da Gwoza da Gamboru, har Ƙauyen Larabcin nan ma ya yi ƙaura zuwa Maiduguri. Mafi yawan masu gudun hijira ba sansani suka sauka ba, gidajen mutanen gari suka sauka. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanni, masu saukar baƙi suka wayi gari su ne ke neman masauki.

A nan ne abin dubawa yake. Gidan da ya cika maƙil ba shi da wurin ƙarin kwano, alhali kuwa har yanzu akwai iyayen da ke turo yara ƙanana gabas ba tare da sun san wanda zai riƙe su ba. Yaron da ba shi da uwar ɗaki, titi ne zai rene shi. Ya kamata uba ya zo da ƙafarsa ya ga malamin, ya ga makwanci, ya bar guzuri, ya kuma riƙa leƙowa. Hakimai da bulamai su ma su riƙe sunan kowane baƙon ɗalibi da na mai masaukinsa. An ce baƙo raɓa ne, amma labarin gidan da ya sauka yana biye da shi har tsufa. Allah ya zaunar da Barno lafiya, amin.