ƊAKI MAI BARANDA A JIRGIN RUWA: A KARƁA KO A BARI?

Akwai wani irin tayi da yake yi wa ɗan Adam wuyar ƙi, watau bayan ya gama ciniki ya biya, sai mai kaya ya dawo ya ce da shi ga wanda ya fi nasa kyau, ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya ɗauka. Irin wannan tayi yakan shiga zuciya da sauri, gama yana zuwa ne da kamannin alheri, har mutum ya ga kamar in ya ƙi ya yi wauta. Amma wanda ya daɗe a kasuwa ya san ruwa ba ya tsami banza. Labarin wani Alhaji mazaunin Agege ta Ikko zai nuna wa mai karatu yadda ake auna irin wannan al'amari.

Shi dai wannan Alhaji dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, kuma a Agege aka haife shi. Kakansa ne ya fara zuwa daga ƙasar Kano, yana bin goro. Kamar yadda aka sani, hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Ikko ta ratsa ta Agege, ta kai Badun cikin 1901, ta isa Kano cikin 1911. Da gonakin goro suka yawaita a kewayen garin, sai Hausawa suka yi ta sauka suna saye suna ɗorawa a jirgi zuwa Arewa, har unguwarsu ta kafu, da sarkinta da masallatanta.

Cikin 2025 Allah ya hore wa Alhajin, ya yi niyyar kai mahaifiyarsa Umra tare da matarsa da ƙaramar 'yarsu. Wakilin tafiye-tafiyen da ya shirya musu takardu ya ba shi shawara su ƙara da kwana huɗu a jirgin ruwa na shaƙatawa. Wannan ba tsohon abu ba ne a can. Cikin 2021 ne babban jirgin nan MSC Bellissima ya riƙa ɗaukar fasinja daga Jidda yana zagaya Bahar Maliya, cikin Disamba 2024 kuma jirgin Aroya, wanda yake na Saudiyya ne, ya fara nasa. Alhajin ya yarda, ya kama ɗakuna biyu a wani daga cikin irin waɗannan jirage.

Ɗakunan irin wannan jirgi galibi iri huɗu ne. Akwai na ciki marar taga, shi ne mafi araha. Akwai mai taga wadda ba ta buɗuwa, akwai mai baranda inda mutum zai fita ya sha iskar teku, sa'an nan akwai ciki da falo na masu hannu da shuni. Alhajin ya zaɓi na ciki guda biyu, ƙofa da ƙofa, a hawa na ƙasa-ƙasa, daidai tsakiyar jirgi. Ɗaya nasa da matarsa, ɗaya na Hajiya tsohuwa da jikarta.

Ana saura mako uku tafiya sai ga saƙo a wayarsa. Kamfanin ya ce yana iya taya ɗaki mai baranda, ya faɗi abin da zai iya ƙarawa, in tayin ya yi musu su sallama. Mafi ƙarancin abin da aka yarda a taya kuwa bai kai rabin bambancin da ke tsakanin ɗakunan biyu tun farko ba.

Matarsa ta ga saƙon, ta ce, “Alhaji, wannan ai ba abin tsayawa shawara ba ne. Shekara nawa muna kwana muna tashi cikin ƙarar janareto da hon ɗin motoci? Sau ɗaya a rayuwa mutum ya buɗe ƙofa ya ga teku. Kuma ɗakin da ba taga, yaya za mu san alfijir ya keto?” Maganarta tana kan hanya, shi ma ya san haka. Daɗin daɗawa, zuciyarsa ta riga ta fara raya masa hoton da zai aiko wa abokan sana'a a Oko-Oba, yana zaune a baranda ruwa shuɗi a bayansa.

To, amma dillali dillali ne. Abin da ya fara tambayar kansa shi ne, me ya sa mai kaya yake neman rabuwa da shi da araha? Amsar ba ta da wuya ga wanda ya taɓa shiga kasuwar Mile 12 da yamma ya ga yadda masu tumatir suke karya kuɗi. Ɗakin jirgi kayan gwari ne. Da zarar an kwance igiya jirgi ya bar tasha, ɗakin da ba kowa a ciki ya zama asara, ba a ajiye shi a sayar gobe. Saboda haka kamfani yakan matsar da waɗanda suka riga suka biya zuwa ɗakuna masu tsada da suka yi kwantai, ya karɓi ɗan ƙari a hannunsu, sa'an nan ya sayar da masu arahar da suka bari ga sababbin fasinja. Ba zamba a cikin wannan, ciniki ne. Sai dai ya kamata mai saye ya gane cewa abin da ya rage ake ba shi.

Da ya sa babban ɗansa ya karanta masa ƙa'idodin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, sai ga abubuwa uku sun fito. Na ɗaya, kuɗin da za a taya na kowane mutum ne, watau ninki biyu ke nan, kuma da kuɗin waje, alhali a cikin 2024 dala ɗaya ta riga ta haura naira 1,500. Na biyu, in an sallama za a cire kuɗin nan take daga katin banki, ba fasawa. Na uku, wanda ya fi damunsa, kamfani ne zai zaɓi ɗakin, kuma bai ɗauki alkawarin ajiye iyali kusa da juna ba. Jirgin kuwa ya fi hawa goma, tsawonsa ya kai filin ƙwallo uku. Ɗakin da ya yi kwantai sau da yawa yakan kasance can goshin jirgi, ko can ƙurya ta baya, ko ƙarƙashin wurin cin abinci inda ake jan kujeru har tsakar dare. Wanda ya saba bin doguwar mota daga Ikko zuwa Kano ya san kujerar baya ta fi jijjiga mutum. Haka jirgin ruwa yake, ƙasa da tsakiya sun fi natsuwa, sama da bakin gaba sun fi lilo idan teku ta motsa.

Bayan sallar la'asar ya tafi wurin kawunsa, yayan mahaifiyarsa, wanda ya haura shekara tamanin, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwashe labari ya faɗa masa. Tsoho ya yi murmushi, ya ce, “Ashe har yanzu ba su bar wannan dabara ba.”

Ya ce sa'ad da yake saurayi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, yakan bi maigidansa zuwa Gana. Sukan shiga jirgin ruwa a Apapa su sauka a Takoradi, su wuce Kumasi su sayo goro. Wannan hanya kuwa tsohuwa ce, gama tun farkon ƙarni na ashirin fatake irin su Alhassan Ɗantata suka gane cewa ɗoro goro a jirgin ruwa zuwa Ikko ya fi bin ayarin jakuna ta Gwanja sauri. Fatake ba su kama ɗaki. A sararin jirgi suke zama ƙarƙashin tamfol, kowa da tabarmarsa da butarsa da guzurinsa, Turawa da manyan ma'aikata suna can sama a faskila.

“Wata rana muna dawowa,” in ji tsohon, “sai akawun jirgi ya zo ya ce da maigidana akwai gado ba kowa a ɗaki, ya ba da 'yan sulalla ya shiga. Maigida ya dubi huhunan goronsa, ya dube ni, ya ce ya gode. Na ji haushi ƙwarai. Da dare ya yi sai ya ce da ni, goro ba ya son zafi, ba ya son iska ta busar da shi, sai ana dubawa ana yayyafa wa ganyen fita ruwa. In ya shiga ɗaki ya kulle, wa zai tashe ni in na yi barci? Kuma a nan sarari ake jin nawa ake sayar da ƙwarya a Ikko, a nan ake jam'in salla. Wanda ya hau sama ya sami katifa, ya rasa labari.”

Alhajin ya ce, “Ke nan, Kawu, in ƙi?”

Tsoho ya ce, “Ban ce ba. Wata tafiyar da damina zazzaɓi ya kama shi, ba mu ɗauko kaya ba, da kansa ya nemi akawun ya biya ya kwanta a ɗaki, kuma ya yi daidai. Kai dai ka duba abin da ka ɗauko. Shi goro ya ɗauko. Kai me ka ɗauko?”

Jiragen da tsohon yake magana a kansu na kamfanin Elder Dempster ne, wanda ya daɗe yana jigila tsakanin Liverpool ta Ingila da gaɓar Afirka ta Yamma. Bayan yaƙin duniya na biyu ya sa jirage uku a wannan hanya, Accra cikin 1947, Apapa cikin 1948, da Aureol cikin 1951, wanda aka ƙera a Glasgow aka sa masa sunan wani dutse na Freetown. A cikinsu ɗalibai da 'yan siyasa da yawa na ƙasar nan suka je Ingila suka dawo. Jirgin sama ne ya kashe musu kasuwa. Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe cikin 1974, aka sayar da shi, aka sake masa suna Marianna VI, aka kai shi Jidda aka ɗaure ya zama masaukin ma'aikata, daga bisani aka farfasa shi a Indiya cikin 2001. Watau ɗakunan faskilan da fatake suke hange daga ƙarƙashin tamfol sun ƙare a matsayin makwancin 'yan ƙwadago, a garin da Alhajin zai hau nasa jirgin.

Tambayar kawun ta hana shi barci. Abin da ya ɗauko dai tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da hawan jini, wadda ba ta jin Turanci ko Larabci, ba ta taɓa shiga ko kwalekwale ba, tare da yarinya 'yar shekara tara. Sai ya yi tunanin wata mafita, watau ya taya wa Hajiya ɗakin mai baranda, su su zauna a na ciki. Da safe ya je gaishe ta ya kawo maganar. Ta ce, “Wane irin ɗaki ne ƙofarsa take buɗewa cikin teku? Ga yarinya mai ƙiriniya? A'a. Ni dai a ajiye ni inda in na buga bango za a ji.”

Nan magana ta ƙare. Saura matarsa, wadda ita ce za ta yi rashi. Bai ce da ita barandar ba ta da amfani ba, domin tana da shi. Ya ce da ita, “Hakkinki ne, kuma na san kin so. Amma ba zan iya kwana a hawa na goma sha biyu Hajiya tana na biyar ba. Ki yi mini lamuni.” Ta yi shiru, sa'an nan ta ce ai ko uwarta ce haka za ta so a yi mata. Ya bar wa'adin tayin ya wuce bai taya ba.

Sun yi tafiyarsu lafiya. Ɗakin ciki kuwa ya nuna halinsa, gama duhunsa ɗaya ne dare da rana, sai da agogon waya suke sanin lokaci, kuma wurin shimfiɗa sallaya da ƙyar yake isar mutum ɗaya. Wannan ya sa kullum kafin asuba sukan hau can saman jirgi, inda ba a karɓar ko kwabo a hannun mai kallon teku, su tarar da waɗansu bayin Allah suna duba alƙibla a waya, domin jirgi yana juyawa tana sauyawa. A dare na biyu iska ta taso, jirgi ya ɗan yi rawa, tsohuwa ta tsorata ta buga bango, taku uku ya kai shi wurinta. Ba wani abin tashin hankali da ya faru, ta sha ruwa ta koma barci. Matarsa kuma har yau takan ce, cikin raha, tana binsa bashin baranda.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa karɓar irin wannan tayi laifi ne. Miji da mata da suke tafiya su kaɗai, ba tsoho ba yaro, ba mai fama da jiri, kuma tafiyar mai tsawo ce wadda za a yi kwanaki ba a ga tudu ba, in kuɗin bai taɓa jarinsu ba su taya, za su more. Amma kafin mutum ya danna wayarsa ya kamata ya san jimlar abin da zai biya da naira, ya san ko yana da ikon zaɓen ɗaki ko fasawa, ya kuma san wanda sabon ɗakin zai nisanta shi da shi. Haka abin yake a jirgin sama in an ce a dawo kujerun gaba, haka yake a jirgin ƙasan da ya fara tsayawa a sabuwar tashar Agege cikin 2021, haka ma a masaukan Makka da Madina, inda akan raba ayari saboda ɗaki mai kallon Harami. Mai sayarwa ya riga ya yi nasa lissafin tun kafin ya aiko da saƙo, saura mai saye ya yi nasa. Allah ya sa a dace, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya, amin.