Hannun da Ke Bayan Rigar Ka'aba

Duk wanda ya taɓa yin ɗawafi ya ɗaga kai ya kalli rubutun zinaren nan da ya zagaye Ɗakin Allah. Wasu su yi kuka, wasu su ɗauki hoto su tura gida. Amma ka tsayar da mutum ɗari a Harami ka tambaye su wa ya rubuta shi, da wuya ka samu ɗaya da zai ba ka amsa. Mu kanmu da muka kwashe shekaru a Makka, muna wucewa ta Ummul Jud inda ake saƙa rigar, yawancinmu ba mu san sunan mai alƙalamin ba.

Sunansa Mukhtar Alam. Asalin iyayensa mutanen yankin Chittagong ne a ƙasar Bangaladesh, shi kuma a nan Saudiyya ya tashi. Ya koyi rubutun hannu a Makka, ya yi karatu a Jami'ar Ummul Ƙura, ya kuma koyar da wannan fanni a makarantar da ke cikin Harami. Tun farkon shekarun 2000 yake aiki a masana'antar rigar Ka'aba, wadda a yau ke ɗauke da sunan Sarki Abdul'aziz. A watan Nuwamba na 2021 sunansa ya fito cikin jerin ƙwararrun da aka ba takardar zama 'yan ƙasa bisa umarnin sarki. Lissafa ka gani: kusan shekara ashirin yana rubutu a jikin rigar da Musulmin duniya ke fuskanta sau biyar a rana, alhali shi baƙo ne a takarda. Ranar da labarin ya fito, a zaurukanmu na Shari'a Mansur da Misfala an yi ta maganar. Wani ya ce sa'a ce, wani ya ce ai dama ya cancanta. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne, zan zo kansa.

Bari in fara da aikin kansa, domin sai ka san wahalarsa za ka san darajar mai shi. Salon rubutun da ke jikin rigar shi ake kira sulusi, wanda masana ke cewa ya fi kowane salon rubutun Larabci wuyar ƙwarewa. Haruffa na hawa kan juna, su sarƙe, amma ba a yarda ɗigo ɗaya ya ɓata ko wasali ya kauce ba, tunda ayoyin Alƙur'ani ne. Ɗamarar da ta zagaye Ɗakin tana da tsawon mita 47, faɗinta santimita 95, an kasa ta gida 16, huɗu a kowace fuska. Dole kowace aya ta zauna cif a gurbinta, kada ta matse, kada ta bar fili. Idan marubuci ya gama, sai a buga zanen a kan baƙin alharini. Daga nan masu ɗinki su karɓa: su fara cika cikin haruffan da zaren auduga har su yi tudu, sannan su lulluɓe su da zaren azurfa wanda aka shafe da zinare. Shi ya sa idan hasken fitila ya bugi rubutun da daddare za ka ga kamar haruffan sun taso daga jikin yadin. Watanni ake ɗauka ana wannan aiki, kuma kowace shekara sai an yi sabuwa. Da can ranar Arfa ake canza ta, amma daga 2022 aka mayar da canjin zuwa 1 ga Muharram.

Tarihin aikin ma na baƙi ne tun asali. Ƙarnuka da dama daga Masar ake kawo rigar. A 1927 Sarki Abdul'aziz ya sa aka buɗe gidan saƙarta a Ajyad, kuma masaƙan farko daga Indiya aka kawo su. Masar ta ci gaba da aikowa a wasu shekaru har zuwa farkon shekarun 1960, sannan a 1977 aka buɗe masana'antar Ummul Jud. Marubucin da ya gabaci Mukhtar, wanda har rubutun ƙofar Ka'aba ta zamanin Sarki Khalid nasa ne, sunansa Abdurrahim Amin Bukhari. Sunan kaɗai ya gaya maka daga inda kakanninsa suka fito. Haka a Madina, Usman Ɗaha, wanda ya rubuta mus'hafin da ke hannun kusan kowane mahajjaci, haifaffen yankin Halab ne a Siriya. Wato garuruwan nan biyu sun daɗe suna cin moriyar hannun baƙo.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. Wannan rabon aiki, wani ya zana wani ya ɗinka, ai namu ne. A Kano da Zariya mai zanen riga daban yake da mai ɗinkin. Shi ne zai shimfiɗa yadi ya ja aska takwas ko aska biyu da alƙalami, ba tare da ya kalli komai ba, sannan maɗinki ya bi sawunsa da allura wata da watanni. Mu ne masu zayyanar allo ranar sauka. Mu ne muke da alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, a saka a gafaka. Mutanen Kano ba su manta da Sharu Bala na Gabari ba, wanda aka buga rubutun hannunsa ya bazu a makarantun allo har ƙetaren Najeriya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da ɗinkin hula ta ciyar da mu a wani ɗan ɗaki a kan dutse, kuma ban taɓa ganin ta ta auna zane da wani abu ban da idonta ba. Jama'a, ina wannan baiwa ta tafi da muka zo Makka?

Tana nan a hannun yaranmu, mu ne muke kashe ta. Na san wani yaro a layinmu, ɗan maƙwabcinmu, haifaffen nan, bai taɓa taka Najeriya ba. Tun yana ƙarami idan ya samu kwalin da aka yar sai ya cika shi da haruffa, kai ka rantse da inji aka buga. Babansa ya sha kwashe masa alƙaluma yana cewa: "Kai, wannan shirme ne zai ba ka iƙama? Tashi ka bi yayanka tura keken alhazai." Ban ga laifin uban sosai ba, wallahi. Mutumin da kuɗin haya ke bin sa, ga sabunta takardu, ga rusau da ke cin unguwa bayan unguwa, ba ya da lokacin yaba kyan harafi. Amma turin keke na ɗan lokaci ne, ƙarfin ƙirji yake ci. Yaron nan a ɓoye ya ci gaba, yanzu shi ke rubuta katin gayyatar aure da allunan suna na kusan rabin unguwar, kuma da kuɗin yake taimakon gidan.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce ku gaya wa yara cewa duk wanda ya iya riƙe alƙalami za a kira shi a miƙa masa takardar ɗan ƙasa ba. Irin su Mukhtar Alam 'yan ƙalilan ne, kuma shi ma sai da furfura ta fito. Dubban 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda har yau ake kira takari, matsalar takardunsu ba ta warware da labarin mutum ɗaya ba. Mun ga abin da ya faru a 2013 lokacin gyaran takardu, da yadda jirage suka yi ta sauke mutane a Kano, wasunsu ko Hausar kirki ba sa ji. To a irin wannan rana me ke bin mutum? Ba shago, ba kafili, ba ɗakin haya. Abin da ke hannunsa da kansa kaɗai ke shiga jirgi tare da shi. Wanda ya iya sulusi a Makka zai ci abinci a Kano, a Maradi, a Kumasi, ko'ina akwai masallacin da ke son rubutu a bango.

Mun yarda ɗanmu zai iya fice da ƙafarsa, tunda mun ga Usama Hausawi, ɗan Makka, ya ɗaura kambun kyaftin na ƙungiyar Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018. Me zai hana mu yarda zai iya fice da yatsunsa? Ga shi wannan fanni ba shi da taƙaddamar da ke kan zanen masu rai, malamai ma su ne suka raine shi. Kayan aikinsa kuwa kara ne da tawada da takarda, riyal kaɗan. Ga masu koyarwa a garin nan, ga darussa kyauta a intanet.

Saboda haka iyaye, na Makka da Jidda da Madina da ma na gida, idan kun ga yaro ko yarinya na ɓata bango da gawayi, ku ɗan tsaya ku duba me aka zana kafin ku ɗauki bulala. Ku sayo masa littafi. Ku tambayi wanda ya sani ya duba hannunsa. Allah ya sa wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su abin yi na halal a duk ƙasar da rabonsu yake.