Littafi Ne Ya Kai Mu Filin Ƙwallo

Mu yaran da muka tashi a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa tsakanin 1985 da 1996, mun karanta ƙwallon ƙafa tun kafin mu ga manyan 'yan wasa suna buga ta. Talabijin sai cikin gari, gidan mai hali, shi ma sai an kawo wuta. Abin da ke iso mu shi ne rediyo da takarda: tsofaffin mujallun Complete Football da yayyenmu ke kawowa daga Funtuwa ko Zariya, littattafan rubutu masu hoton 'yan wasa a bango, da ƙananan littattafan wasanni na akwatin makaranta. Littafi ɗaya yakan zaga unguwa duka har bangonsa ya cire. Wanda ya fi mu jin Turanci shi ke karantawa yana fassara mana.

A ciki muka koyi cewa wasan nan yana da dokoki 17. Faɗin raga yadi 8 ne, tsayinta ƙafa 8, ana kuma buga fenariti daga yadi 12. Bayan girbi sai mu share gona, mu auna da taku, mu kafa karan dawa, mu jefa ƙwallon tsumma. In gardama ta tashi a kan satar gida, sai a ɗauko littafi. Abin da ya faɗa shi ke nan. Mu 'ya'yan Ikilisiya da maƙwabtanmu Musulmi ƙungiya ɗaya muke, doka ɗaya kuma muke bi.

Littattafan nan ne suka ba mu tarihi. Muka san cewa a 1980 Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas ta ɗauki kofin Afirka na farko, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ɗaya. A 1985 yaranmu 'yan ƙasa da shekara 16 suka doke Jamus ta Yamma 2 da nema a ƙasar Sin. Muka karanta labarin Pele na Brazil, wanda ya fara da safa cushe da tsumma, ba takalmi, ya kuma ci kofin duniya a 1958 yana ɗan shekara 17. Daga ranar ba mu ƙara jin kunyar ƙwallonmu ba.

Saboda haka da Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a Amurka a 1994, ji muka yi kamar wani ɗan gida ne. A 1996 kuwa, da aka ci Ajantina 3 da 2 a gasar Olympics ta Atlanta aka ɗauki zinariya, akwai 'yan Kaduna a ƙungiyar: Daniel Amokachi, Tijani Babangida, Garba Lawal da Celestine Babayaro. Kaduna fa, nan kusa da mu! Har yau da furfurarmu, in Najeriya tana wasa, tuwo yakan huce a gabanmu.

Amma ribar ta wuce ƙwallo. Ƙishin sanin wanda ya ci ne ya sa da yawanmu suka iya karatu da sauri, suka san ƙasashe a taswira, suka saba da lissafin maki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙannenmu na yau ba su sami irin kwanciyar hankalinmu ba. A Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, tsoro kuma ya raba iyalai da yawa da ƙauyukansu. Yaron da aka hana shi fita fili, littafi yana iya isa gare shi a cikin ɗaki.

Don haka muna roƙon malamai, iyaye da tsofaffin ɗalibai: duk mai littafin wasanni a akwati ya kawo shi laburaren makaranta. Ku kuma ɗalibai, ku ara, ku karanta, ku karanta wa ƙannenku lokacin hutu, sa'an nan ku mayar don wani ya samu. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama, yara su koma fili. Amin.