Lambar Da Muka Samu A Adakar Mahaifinmu

Muna so mu ba masu karatu labarin wani ɗan al'amari da ya same mu wajen rabon gado, domin mun san akwai gidajen ma'aikata da yawa da ke da irin wannan adaka a ƙarƙashin gado.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2023. Sa'ad da aka zauna lissafin abin da ya bari, gida da gona ba su ba mu wahala ba, don kowa ya san yadda ake yi musu ƙima. Sai da aka buɗe tsohuwar adakarsa ta ƙarfe sa'an nan magana ta tashi. A ciki muka tarar da takardar digirinsa ta 1972, da hoton 'yan ajinsu, da wani ɗan bajo mai fil a bayansa wanda ake maƙalawa a ƙirjin riga, da kuma lambar yabo nannaɗe cikin ƙyallen karan-miski.

A Kano ya yi karatu, a Kwalejin Abdullahi Bayero, amma sunan Jami'ar Ahmadu Bello ke bisa takardar. Ƙannenmu suka yi mamaki, har wani ya ce ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne. An buɗe jami'ar a Zariya ran 4 ga Oktoba 1962, Sardauna ne ubanta na farko, kwalejin Kano kuwa reshenta ce a wancan zamani. Sai a 1977 ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta, da Dokta Mahmud Tukur a shugabanci, ta ɗauki takenta daga wata aya ta Suratu Yusuf. Watau abin da ke hannunmu shaida ce ta wata makaranta da yanzu babu ita da wancan suna. Shekarar da ya fita Farfesa Ishaya Audu ke shugabancin jami'a, kuma albashinsa na farko da fam da sule aka biya shi, tun da naira ba ta zo ba sai Janairun 1973.

Babban wanmu ya miƙa hannu ya ɗauki lambar, ya ce shi ne ɗan fari, wurinsa za ta zauna. Mu ma da farko ba mu ga aibun haka ba. Malamin da ke rabon, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce, "Alhaji, ajiye tukuna. Duk abin da mamaci ya bari, ko allura ce, na magada ne baki ɗaya. Manya suna iya yafe rabonsu, amma wa zai yafe na yaron nan?" Ya nuna autanmu, ɗan shekara 12, wanda ke zaune bakin ƙofa bai san ma da shi ake ba.

To, ashe sai an yi mata kuɗi. Muka kai wa maƙerin fari, ya goga ta a dutse, ya ce tagulla ce aka yi wa ruwan azurfa, in don ƙarfen ne ba ta wuce naira 2,000 ba. Muka yi murna, muna ganin magana ta ƙare. Amma wani ƙanenmu ɗan kasuwa ya nuna wa dillalin kayan gargajiya a Kurmi, shi kuwa nan take ya taya 40,000, ya ce akwai masu tara irin waɗannan abubuwa na tsofaffin makarantu, musamman in sunan mai ita da shekara suna jiki ba su goge ba. Bajon ma ya taya shi.

A nan ne zuciya ta so ta yi mana wayo, gaskiya dai daci gare ta. Har wani daga cikinmu ya ce a rubuta kuɗin maƙeri, ai ba sayarwa za a yi ba. Mun kwana biyu muna juya maganar, ba wanda ya fito fili ya ce a'a, har da mu masu wannan rubutu. Da aka koma wurin malam, tambaya ɗaya ya yi: in da ta wani ce muka je saye, nawa za mu biya? Aka yi shiru. Ya ce abin da kasuwa ta yarda ta biya shi ne ƙimarta, haka za a shigar.

Babban wanmu ya ji zafi, ba mu ɓoye ba. Ya ce yau shi za a sayar wa lambar ubansa? Gwaggonmu ce ta lallashe shi, ta tuna masa cewa marigayin ko biron ofis ba ya yarda a taho da shi gida. Washegari ya kawo kuɗin cif. Aka zuba cikin dukiya, iyayenmu mata biyu suka raba tumuni, sauran aka raba mana, namiji rabon mata biyu. Abin da ya faɗa wa auta bai kai kuɗin takalmi ba, aka rubuta shi cikin littafin da waliyyinsa ke riƙe da shi.

Takardar digiri ba mai tayawa, sai aka yi wa kowa kwafi, ta asali ta zauna wurin uwargida. Bajon kuwa yayarmu ta biya kuɗinsa daga rabonta, ta damƙa wa auta. Ran Babbar Sallah ya maƙala shi a hula ya tafi idi, wanmu ya tsai da shi a zaure ya cire, ya maƙala masa a ƙirji, ya ce nan Baba yake sa shi.