Oforikrom: Bashi Ba Ya Tsayawa a Boda

Duk motar da ta taso daga Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, za ta shiga Kumasi, sai ta ratsa Oforikrom. Bayan tafiyar kusan kilomita 250, direba zai wuce ƙofar jami'ar KNUST, ya gangaro Anloga Junction, daga nan kuma sai cunkoso: turoturo, keken da suke kira faragiya, masu tallar ruwan leda, da rumfunan MoMo masu launin ɗorawa a kowace kusurwa. Ana ƙetare titi an nufi arewa sai Aboabo da Asawase, inda Hausa ta fi kowane harshe tashi a bakin hanya. A shekarar 2018 aka yanke Oforikrom daga babbar hukumar birnin Kumasi ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, amma ga ɗan kasuwa baƙo duk Zango ne: wurin da za ka sauka, a ba ka tabarma, a tambaye ka mutanen gida.

Kwana goma na yi a can, a gidan wani dattijo da mahaifina ya yi cinikin goro da shi. Na bi ta Legas, na ƙetare Seme, na ƙetare Hillakondji, na ƙetare Aflao. Boda uku ke nan, kowace da tambayarta. Ana duba fasfo, ana duba katin rigakafi, ana duba kaya. Ba wanda ya tambaye ni ko ana bina bashi. Daga nan ne wasu 'yan'uwanmu suke ɗaukar cewa abin da jami'in boda bai tambaya ba, an bar shi a baya.

Safiya a unguwar nan da koko da ƙosai take farawa, da rana kuma shinkafa da waken da suke kira waakye, sunan da ya fito daga bakin kakanninmu. Hausarsu tana da daɗin ji, ba ta cika damuwa da bambanta namiji da mace ba, sai ka ji an ce “matata ya tafi kasuwa” kuma ba wanda ya ɗaga kai. Da dare kuwa majalisa gaban mai shayi take. A nan na lura da wani saurayi ɗan Kano mai gyaran waya, wanda in wayarsa ta yi ƙara ya ga lambar ta fara da 234, sai ya kife ta a kan benci ya ci gaba da juya shayinsa. Dare uku ina ganin haka. A na huɗu maigidana ya ce masa, “Ɗana, wannan wayar da kake kifewa, wa kake gudu?”

Shiru ya ɗan yi, sannan ya ce, “Baba Alhaji, tsohon zance ne.”

Lokacin yana aikin albashi a Kano, bankin da ake biyansa ta ciki ya ba shi katin bashi. Da shi ya yi hidimar aure, da shi ya biya asibitin mahaifinsa. Yana biyan ɗan abin da ake cira duk wata, har aikin ya tsaya. Albashi ya ƙare, kuɗin ruwa bai ƙare ba. Da abin ya ishe shi sai ya ci wani bashin a manhajar waya don ya toshe na banki, sannan ya tattara ya taho Kumasi. Shekara uku ke nan. Yanzu masu karɓar bashi sun bar shi sun koma kan mahaifiyarsa, sun kira surukinsa, sun tura wa abokansa saƙo cewa ɓarawo ne. Na ƙarshe ya ce masa za a sa 'yan sandan duniya su ɗauko shi daga Ghana.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne maigidana bai yi mamaki ba, bai kuma yi masa faɗa ba. Cewa ya yi, “Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Zangon nan da kake gani, a kan bashi aka gina shi.”

Gaskiya ya faɗa. Fataken goro sun yi ƙarnuka suna zuwa Gwanja, kasuwar Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, ciniki ya gangaro kudu, Hausawa su cika Kumasi bayan Turawa sun kama garin a 1896. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a cinikin goron wannan ƙasa ya fara ƙarfi kafin ya koma Kano ya shiga gyaɗa. Tsarin da ya riƙe cinikin shi ne na maigida: baƙo ya kawo shanu, maigida ya sauke shi, ya nemo mahauci, mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ya tsaya. In mahauci ya gaza, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta yi rubutu a kan wannan tsari da mahautan Kumasi a 1966. Ba banki, ba kati, amma wanda ya ci amana a Kumasi, kafin ya isa Kano labarinsa ya riga shi. Dattijon ya ce ko a 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu kwana 14 su bar ƙasar, ya san mutanen da suka koma Najeriya suka riƙa aiko da biyan bashi ta hannun direbobin goro shekaru bayan haka.

Abin da ya canja yau shi ne labarin ba a baki yake tafiya ba, a kwamfuta yake zaune. Ga wanda ya bar bashin banki a Najeriya, akwai abubuwa uku da ya kamata ya sani.

Na farko, lambar BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014 ta ɗaure duk asusun mutum wuri guda. Daga 1 ga Agusta 2020 kuma tsarin GSI ya fara aiki: in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar bashi, bankin da ke binka yana iya cire uwar kuɗi da kuɗin ruwan da suka taru daga asusunka na wani banki, ba tare da ya sake neman izininka ba. Tarar jinkiri dai ba ta cikin abin da aka yarda a cire ta wannan hanya. Ɗan kasuwar da ke Kumasi yana tura wa abokin ciniki naira ta tsohon asusunsa na iya wayar gari ya ga kuɗin kayan mutane sun tafi biyan bashin aurensa.

Na biyu, sunan wanda bai biya ba yana shiga rajistar kamfanonin ajiye tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu. Ranar da ka koma gida kana neman jari a banki, ko a bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa ne, can za a fara dubawa. Ghana ma tana da tata dokar tun 2007, don haka wanda ya ci bashin MoMo a nan ya yar da layin, ya sani layin da katin shaidarsa aka yi masa rajista.

Na uku, barazana tana da iyaka. Rashin biyan bashi saboda gazawa rikicin ciniki ne, kotu ke raba shi. Dokar 'yan sandan Najeriya ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Abin da ke mayar da shi laifi shi ne zamba, ko ba da cek alhali ka san ba kuɗi a asusun. Mai karɓar bashin da ke Legas ba shi da ikon taɓa shagonka a Kumasi sai ta hanyar kotu. Mahaifiyarka da surukinka kuma ba a bin su ko kwabo, sai in sun sa hannu sun tsaya maka. Su kuwa manhajojin da ke kwashe lambobin waya suna tozarta mutane, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, kuma tana karɓar ƙorafi a kansu. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan da ke cikin waya. A Yulin shekarar nan ta 2023 hukumomin Ghana su ma suka kama mutum sama da 400 a Accra kan wannan sana'a.

Washegari maigidana ya kai ni gaishe da wata hajiya a Aboabo, mai shagon atamfa da turare, wadda ta yi shekaru tana saro kaya a Dubai. Da zancen ya zo, sai ta ce, “Ku na Najeriya ai da sauƙi.” Ƙaninta ya zauna a can da takardar zama, ya karɓi katin bashi, ya ajiye wa banki cek na jingina kamar yadda aka saba, kasuwa ta karye ya dawo. Tun Janairun 2022 an sassauta dokar cek a Daular Larabawa, yawancin irin wannan ya koma rikicin kuɗi, amma har yanzu mai bin bashi yana iya neman kotu ta hana mutum fita ƙasar. Ta ce shi ya sa ƙanin nata bai sake taka filin jirgin Dubai ba sai da ya sa lauya a can ya bincika ko akwai ƙara a kansa, aka yi sulhu, aka ba shi takarda. Nasiharta ga masu zuwa Umara ko sarin kaya ita ce, kada mai tsohon bashi a ƙasar Larabawa ya sayi tikitin da zai sauke shi can kafin ya bincika.

Shi kuwa saurayin nan, maigidana ya bi da shi ta hanyar da ya gada. Ya zaunar da shi a zaure da shaidu biyu, ya ce a kawo littafi. Aka rubuta wa ke binsa, nawa ya karɓa, nawa ya biya, yaushe ya biya na ƙarshe. Sannan ya ce kada ya ƙara magana da mai kira ta waya, domin akwai 'yan damfara da ke samun sunayen masu bashi su kira su karɓe kuɗi. A rubuta wa bankin kansa, a nemi takardar lissafi da ta raba uwar kuɗi da kuɗin ruwa da tara. In wani kamfani ne aka ba karɓar bashin, ya nuna takardar da bankin ya wakilta shi. Kada a tura ko sisi asusun wani mutum, sai asusun da bankin ya rubuta. Bankuna sukan yarda su yafe wani kaso na kuɗin ruwa da tara ga wanda ya zo da kansa da tayin biya, amma yafiyar baki ba yafiya ba ce: a sa a rubuce kafin a biya, bayan an gama kuma a karɓi takardar shaidar kammalawa, a nemi a gyara suna a rajista.

Wani malamin makaranta da ke cikin shaidun ya kawo zancen wa'adi. A Ghana, dokar 1972 ta ba mai bin bashin yarjejeniya shekara shida ya kai ƙara. A Najeriya ya danganta da jiha, wasu shida wasu biyar. Biyan wani ɓangare ko amsa bashin a rubuce yana sa a sake ƙirga daga farko, don haka mai tsohon bashi sosai ya ga lauya kafin ya sa hannu a komai. Maigidana ya gyaɗa kai ya ce, “Malam, wannan ilimi ne, a riƙe shi. Amma wa'adi ƙofar kotu yake rufewa. Kuɗin da yaron nan ya karɓa ya kai ubansa asibiti, na mutane ne, zai mayar.”

Akwai ma abin da ya zo masa da sauƙi. Naira ta faɗi daga kusan 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wanda ke samun sidi yana biyan tsohon bashin naira, nauyin uwar kuɗin ya ragu a kansa. Da aka yi lissafi a zauren nan, sai ga shi abin da ya hana shi barci shekara uku, in ya shiga adashen da masu gyaran waya ke yi ya ɗauki kwasar farko, zai iya kashe mafi yawansa kafin azumi. Maigidana ya ce shi zai tsaya masa a wurin uwar adashe.

Kwana biyu kafin in taho aka yi rasuwa a unguwar, muka je jana'iza. Kafin a ta da salla, wani daga cikin dangi ya miƙe ya yi sanarwar da muka sani tun muna yara: duk mai bin mamacin bashi ya zo ya same su, wanda mamacin ke bi shi ma ya yi magana. Kowa ya san ba a raba gado sai an biya bashi, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Sai dai sanarwar nan iyakarta sahun da ke tsaye a Oforikrom. Bankin da ke Kano bai ji ba, na Dubai bai ji ba, matar mamacin ma wataƙila ba ta san da su ba, sai ranar da aka je fitar da abin da ke asusunsa.

Don haka, ɗan'uwa mai fatauci, ko ba ka da halin biya bana, sayi littafi ka rubuta sunan mai binka, da adadin, da inda takardun suke. Ka nuna wa uwargida, ka nuna wa babban ɗanka ko maigidanka na Zango, su san inda ka ajiye shi. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu ikon sauke nauyin mutane.